Zakara a Bana, Ɗan Dagaji a Baɗi: Yadda Dokar Faɗuwa Ke Juya Gasar Ƙwallon Gelik a Gundumar Kerry

A watan Disamba na 2021, ƙungiyar Austin Stacks ta garin Tralee ta doke maƙwabciyarta Kerins O'Rahilly's, ta ɗaga kofin babbar gasar ƙwallon Gelik ta gundumar Kerry da ke kudu maso yammacin ƙasar Ailan. Kafin shekara ta zagayo, Stacks ta faɗi daga babban aji. Ita kuwa O'Rahilly's da aka doke, sai ga ta a 2022 ta zama zakarar lardin Munster baki ɗaya, har ta kai wasan daf da na ƙarshe a gasar ƙasa. A 2023 ita ma ta bi sahun maƙwabciyarta zuwa ƙasa.

Wanda ya saba da Firimiyar Ingila, inda ƙungiyoyi 20 ke buga wasa 38 kowace, uku na ƙasan teburi su faɗi, zai yi mamakin yadda haka ke faruwa. Abin da zai fi ɗaure masa kai shi ne, faɗuwar Stacks ba a wannan babbar gasar da ta lashe aka yanke ta ba. Akwai kuma ƙungiyoyin da ke shiga gasar, suna lashe ta, amma ba sa faɗuwa, ba sa kuma wakiltar gundumar a waje. A Kerry, tambayar wa zai ci kofi da tambayar wa zai faɗi a ɗaure suke da igiya ɗaya, kuma sai an kwance ƙullin a hankali.

## Wasan da masu shi

Ƙwallon Gelik wasan gargajiyar mutanen Ailan ne. Mutum 15 ke kowane ɓangare. Ana kama ƙwallo da hannu, a gudu da ita 'yan taku kaɗan, sannan dole a buga ta a ƙasa ko a sake ta kan ƙafa a dawo da ita hannu. Turakun raga dogaye ne sun wuce sandar sama. Ƙwallon da ta shiga raga maki 3 ce, wadda ta bi ta saman sanda tsakanin turaku maki 1. Daga 2025 an ƙara wata doka: bugun da ya bi ta saman sanda daga bayan wani layi mai lanƙwasa, mai nisan mita 40 daga raga, maki 2 ne. Shi ya sa ake rubuta sakamako kamar 1-12, wato ƙwallo ɗaya a raga da maki 12, jimla 15. Wasan ƙungiyoyi minti 60 ne.

Hukumar da ke kula da wasan ita ce GAA, wadda aka kafa ranar 1 ga Nuwamba 1884 a garin Thurles. Tana aiki a gundumomi 32 na tsibirin, har da shida da ke Ailan ta Arewa, kuma kowace gunduma tana da kwamitinta da ke tsara gasanninta. 'Yan wasa ba su da albashi. Malamin makaranta ne, manomi ne, ma'aikacin banki ne, da yamma ya ɗauki takalmansa ya tafi atisaye.

Abin da ya fi kome muhimmanci a wannan batu shi ne dokar yankin coci. A karkarar Ailan ana raba ƙasa ne bisa yankin da kowane coci ke kula da shi, kuma yaro yana buga wa ƙungiyar yankin da ya tashi. Ba a saye, ba a sayarwa. Sauya ƙungiya sai da izinin kwamiti, galibi idan mutum ya yi ƙaura. Daga cikin waɗannan ƙungiyoyi ake zaɓo tawagar gunduma, wadda ke neman kofin Sam Maguire, kofin ƙasa na gundumomi, a filin Croke Park da ke Dublin. Kerry ta lashe wannan kofi sau 39, na baya-bayan nan a 2025, babu gundumar da ta kai ta.

Ƙungiyoyin gunduma kuma aji-aji ne: babban aji, matsakaicin aji, da ƙaramin aji wanda shi ma ya kasu. Ajin ba na shekaru ba ne, na ƙarfi ne. Mai shekara 35 zai iya zama ɗan ƙaramin aji, mai shekara 19 ɗan babban aji, ya danganta da inda ƙungiyar garinsu take.

## Kofi biyu, suna kusan ɗaya

Tushen ruɗanin shi ne Kerry na da manyan gasanni biyu da sunayensu suka yi kama.

Ta farko ita ce gasar manyan ƙungiyoyi zalla. Shekaru da yawa ƙungiyoyi takwas kacal ke cikinta, a gundumar da ke da ƙungiyoyin ƙwallo fiye da hamsin. A lokacin ana raba su rukuni biyu, huɗu-huɗu, kowace ta buga wasa uku.

Ta biyu ita ce gasar gunduma, mai kofin Bishop Moynihan, kuma ita ce babbar. Idan ɗan Kerry ya ce wane yana da lambar gasar gunduma, wannan yake nufi. Tawaga 16 ke shiga: manyan ƙungiyoyin nan, sai tawagogin shiyya su cike sauran gurabe. An sha sauya fasalinta. A 2020, lokacin korona, sili-ɗaya-ƙwale aka yi tun daga farko. A 2022 da 2023 an yi rukuni huɗu masu tawaga huɗu-huɗu. Abin da bai sauya ba shi ne haɗa ƙungiyoyi da shiyyoyi a fage ɗaya.

Ban da waɗannan akwai lik ɗin gunduma da ake bugawa tun daga bazara, galibi babu 'yan wasan da ke tawagar Kerry, akwai kuma gasannin cikin shiyya da ake yi a ƙarshen shekara, irin kofin O'Donoghue na gabashin Kerry. Waɗannan suna da darajarsu, amma ba su ke yanke ajin ƙungiya ba.

## Mene ne tawagar shiyya?

Tawagar shiyya haɗaka ce. Ana tattaro fitattun 'yan wasa daga ƙungiyoyin wani yanki waɗanda ba sa cikin babban aji, a yi musu riga ɗaya, su shiga gasar gunduma. Akwai East Kerry a kewayen Killarney, Mid Kerry, South Kerry, West Kerry, St Brendan's a kewayen Tralee, St Kieran's a kewayen Castleisland, sai Feale Rangers da Shannon Rangers da suka daɗe suna wakiltar arewa.

Manufar a fili take: kada a sami ɗan wasan da ƙanƙantar garinsu za ta hana shi buga babbar gasa. Misalin da kowa ke kawowa shi ne David Clifford da yayansa Paudie. Ƙungiyarsu, Fossa, wani ɗan ƙaramin yanki ne a bakin Killarney, kuma har 2022 a ƙaramin aji take. A wata gundumar da babu shiyya, David, wanda aka zaɓa gwarzon ɗan wasan ƙasar a 2022 da 2023, da ba zai taɓa taka filin babbar gasar gundumarsu ba a waɗannan shekaru. A Kerry kuwa ya sa rigar East Kerry ya ci kofin.

Ga yadda kakarsa ta 2022 ta kasance, domin a ga abin a zahiri. A watan Yuli ya ɗauki kofin Sam Maguire da Kerry. Daga nan ya koma Fossa, ya koma East Kerry wadda ta lashe gasar gunduma a watan Oktoba, ya sake komawa Fossa wadda ta ci kofin ajinta, ta ci na lardi, har a watan Janairu na 2023 ta doke Stewartstown Harps ta gundumar Tyrone a Croke Park, ta zama zakarar ƙasa a ƙaramin aji. Riga uku, mutum ɗaya, kaka ɗaya.

Sai dai akwai iyaka. Tawagar shiyya ba ta fita waje. East Kerry ce ta lashe gasar ƙungiyoyi ta ƙasa ta farko a 1971, daga baya aka rufe wa shiyyoyi wannan ƙofa, tunda ba adalci ba ne a haɗa taron garuruwa da gari guda. Don haka idan shiyya ta ci kofin Bishop Moynihan, wadda ta lashe gasar manyan ƙungiyoyi zalla ce ke wakiltar Kerry a lardin Munster. Ta wannan hanya O'Rahilly's ta fita a 2022. Haka ma Dingle a 2023, inda ta kai wasan ƙarshe na lardi, Castlehaven ta gundumar Cork ta fitar da ita a bugun fenareti. Abin ba sabo ba ne: Castleisland Desmonds ta zama zakarar ƙasa a 1985 ba tare da ita ce ke riƙe da kofin gundumarta ba.

Shiyya kuma ba ta faɗuwa zuwa matsakaicin aji, domin ba ƙungiya ba ce da ke da aji. Nauyin faɗuwa gaba ɗaya a kan ƙungiyoyi yake.

## Inda ake faɗuwa, da ƙofar tsira

A tsarin takwas ɗin, ƙungiyar da ta zo ƙarshe a kowane rukuni na gasar manyan ƙungiyoyi ita ke shiga haɗari. Biyun su kara, wadda aka doke ta sauka, zakarar matsakaicin aji ta hau gurbinta. A lissafi, ɗaya cikin huɗu na manyan ƙungiyoyin Kerry na buga wasan tsira a kowace shekara, kuma wasa uku kacal ne ke jefa ƙungiya cikinsa. Raunin ɗan wasa guda, ko dawowar 'yan tawagar gunduma a gajiye bayan wasan ƙarshe na ƙasa a watan Yuli, ya isa.

Akwai ƙofar tsira guda: ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe na gasar gunduma an ɗauke mata faɗuwa a wannan shekarar. Saboda haka ba a buga wasan tsirar nan take. Ana jira sai an ga inda ƙungiyoyin biyu suka tsaya a babbar gasa. Ƙungiya za ta shafe makonni tana neman kofi da takobi rataye a kanta.

Shekarar 2021 ta nuna yadda wannan doka ke aiki ƙarara. Ƙungiyoyin da suka zo ƙarshe su ne Dr Crokes da Legion, dukansu na garin Killarney, abokan hamayya tun kaka da kakanni. Crokes ba ƙaramar ƙungiya ba ce. Ta ci gasar gunduma sau huɗu a jere daga 2010 zuwa 2013, ta sake ci sau uku daga 2016 zuwa 2018, ta zama zakarar ƙasa a 1992 da 2017. A babbar gasa ta yi ta tafiya har wasan daf da na ƙarshe. Da ta ci wannan wasa, da ta tsira, Legion kuma ta faɗi ba tare da an ba ta damar kare kanta a fili ba. Ke nan magoya bayan Legion suna da dalili biyu na fatan a doke maƙwabtansu. O'Rahilly's ta doke Crokes ɗin, aka buga wasan tsira, Crokes ta yi nasara, Legion ta sauka. Shekara uku bayan haka Crokes ta sake zama zakarar gunduma. Tazarar da ke tsakanin sama da ƙasa a Kerry ke nan.

Jerin waɗanda suka faɗi a 'yan shekarun ya isa shaida: Rathmore a 2019, Kilcummin a 2020, Legion a 2021, Austin Stacks a 2022 a hannun Kenmare Shamrocks, O'Rahilly's a 2023 a hannun Na Gaeil, wata ƙungiyar Tralee da ba ta kai su tarihi ba ko kusa.

Wani abin da ke jawo rigima a rukuni mai ƙungiya huɗu shi ne kunnen doki a teburi. Nasara maki 2 ce, canjaras 1, don haka sau da yawa ƙungiyoyi na yin daidai. Idan biyu ne, ana duba wasan da suka yi da juna. Idan uku ne, sai a koma bambancin makin da aka ci da wanda aka ci su, kuma a nan ake samun saɓani: za a ƙirga duk wasannin rukuni ne, ko na tsakanin ukun kawai? Amsa biyun kan ba da sakamako daban. A 2023 wannan tambaya ta kai ƙungiyoyi a gundumomi da dama gaban kwamitocin ɗaukaka ƙara. Shi ya sa a makon ƙarshe na rukuni ƙungiyar da ta riga ta ci wasa ba ta sassautawa, wadda aka riga aka doke ma tana neman maki ɗaya na ƙarshe.

## Faɗuwar wani tashin wani

Nan ne dokar faɗuwa ke haɗuwa da batun masu neman kofi. Da zarar ƙungiya ta sauka daga babban aji, 'yan wasanta sun cancanci buga wa shiyyarsu. Da zarar ta hau, shiyya ta rasa su.

A dubi East Kerry. Rathmore, Kilcummin da Legion, ukun da suka faɗi a jere daga 2019 zuwa 2021, duk a yankinta suke. Kowace faɗuwa ta zuba mata sababbin 'yan wasa a kan 'yan gidan Clifford da take da su. A 2022 tana iya ɗauko Shane Ryan da Paul Murphy na Rathmore, dukansu 'yan tawagar Kerry, ta haɗa da James O'Donoghue na Legion, wanda ya taɓa zama gwarzon ƙasa a 2014. Ta lashe kofin a 2019, 2020, 2022 da 2023, huɗu cikin biyar. Manyan ƙungiyoyi da ke ɗaukar 'yan wasa daga unguwa guda suka fara ƙorafin cewa ana haɗa su da rabin gunduma.

Amma dabaran yana juyawa. Da Spa, wata ƙungiyar yankinta, ta hau babban aji, East Kerry ta rasa 'yan wasanta. Da Rathmore ta ci matsakaicin aji a 2022 ta koma sama, ta tafi da nata. A ɗaya gefen, faɗuwar Stacks da O'Rahilly's ta buɗe wa St Brendan's ƙofar ɗaukar 'yan wasan manyan ƙungiyoyin Tralee biyu, kodayake haɗa mutanen da suka girma suna adawa da juna cikin riga ɗaya a 'yan makonni ba ƙaramin aiki ba ne. Wannan shi ne raunin kowace shiyya: sunaye a takarda, amma lokacin atisaye kaɗan, domin kowa yana da wasan ƙungiyarsa a gaba.

Don haka mai son hasashen wa zai ci gasar Kerry, kafin ya dubi ƙarfin tawagogi, ya fara duba wa ya faɗi bara, wa ya hau, kuma a wace shiyya suke.

## Su wa ake sa wa ido

Dr Crokes ce ke kan gaba a tarihi da kofi 14 bayan nasarar 2024, Austin Stacks na biye da 13. Crokes na da abin da ƙananan yankuna ba su da shi: gari mai jama'a, matasa masu tasowa ba yankewa, da 'yan wasan gunduma irin su Gavin White da Tony Brosnan. Stacks ta shekara biyu a matsakaicin aji, ta lashe shi a 2024, kuma a shekarar farko da ta dawo ta kai wasan ƙarshe na gasar gunduma. Wannan kaɗai ya nuna cewa faɗuwarta ba ta nufin ƙarfinta ya ƙare.

Wadda ta doke ta a wasan ƙarshen 2025 ita ce Dingle, daga can ƙuryar yamma a bakin teku, wadda rabonta da kofin tun 1948. Ta sha zuwa kusa tana komawa, har da shan kaye a hannun Crokes a wasan ƙarshe na 2024. Ƙarfinta ya dogara da 'yan gidan Geaney, musamman Paul, da Tom O'Sullivan, sai Mark O'Connor da ke buga ƙwallon Ostireliya a ƙungiyar Geelong, wanda samunsa ya dogara da izinin masu biyansa albashi. Dingle ta zarce ta ci lardi, ta ci kofin ƙasa a Janairun 2026.

East Kerry ba a taɓa cire ta daga lissafi muddin Fossa ba ta hau babban aji ba. Fossa ta kai wasan ƙarshe na matsakaicin aji a 2023, Milltown/Castlemaine ta doke ta. Ranar da za ta ci wannan kofi, East Kerry za ta rasa 'yan Clifford biyu a dare ɗaya, kuma fuskar gasar za ta sauya. Mid Kerry ta sha kaiwa wasan ƙarshe a 'yan shekarun nan ba ta ɗauka ba. Kenmare Shamrocks tana da Seán O'Shea, wanda shi kaɗai zai iya juya wasa, balle yanzu da bugun nesa ke ba da maki 2. Dokar maki biyun ta ƙara wa duk ƙungiyar da ke da gwanin bugun nesa daraja, ta kuma sa tazarar maki biyar ko shida ba ta zama kwanciyar hankali ba.

South Kerry kuwa labarinta daban ne. Ta ci kofin a 2004, 2005, 2006, 2009 da 2015, daga yankin da ya fitar da shahararrun 'yan wasa irin su Mick O'Dwyer da Maurice Fitzgerald da Declan O'Sullivan. Yau matsalarta ba ta fili ba ce, ta yawan jama'a ce. Matasa na barin yankin, ƙungiyoyi na haɗa yaransu kafin su cika tawaga ɗaya.

## Takwas sun isa, ko a ƙara?

Masu kare tsohon tsari na cewa ƙarancin gurabe ne ke riƙe da ingancin gasar. Babu wasan banza, babu ƙungiyar da ke zaune a babban aji don suna. Matsakaicin aji ya zama gasa mai zafi da ake cika fili don kallonta. Shiyyoyi kuma na ba masu zaɓen tawagar gunduma damar ganin yaron ƙauye yana karawa da manya. Idan aka tambaye su hujja, sai su nuna kofunan Sam Maguire 39.

Masu suka daga cikin Kerry na cewa tsarin ya yi tsanani. A ganinsu, dokar da za ta kori zakaran bara saboda wasanni huɗu ba ta auna ƙarfi daidai. Suna ƙarawa da cewa shiyyoyi na yawan cin kofin, sai wakilin Kerry ya fita lardi bayan ya yi makonni ba ya wasa mai zafi. Tsakanin nasarar Laune Rangers a 1996 da ta Dingle, sau ɗaya kacal ƙungiyar Kerry ta ci babban kofin ƙasa, wato Crokes a 2017. Ga gundumar da ta fi kowa a matakin tawaga, wannan kaɗan ne.

Suka mafi zafi daga waje take zuwa. Idan manyan ƙungiyoyi takwas ne, zakarar matsakaicin ajin Kerry ita ce ta tara a ƙarfi a gundumar. A Cork, tun gyaran 2020, akwai babban aji mai hawa biyu, 12 a sama 12 a ƙasa, don haka wakiliyarta a matsakaicin aji tana wajen ta 25. A gundumomin da ke da manyan ƙungiyoyi 16, ta 17 ce. Haɗa ta tara da ta 25 a kira su aji ɗaya, in ji masu sukar, shi ya sa ƙungiyoyin Kerry irin su Ardfert, St Mary's, Kilcummin da Rathmore suka yi ta kwashe kofin ƙasa na wannan aji. Amsar 'yan Kerry ita ce kowace gunduma ke tsara ajinta, kuma ba kullum suke ci ba: Stacks ɗin kanta, da duk tarihinta, ta ci lardi a 2024 amma aka tsayar da ita a wasan daf da na ƙarshe na ƙasa.

Duka ɓangarorin na da abin riƙewa, sai dai hujjar lissafin tara da 25 tana da wuyar turewa, kuma Kerry ta motsa. An amince a faɗaɗa babban aji daga takwas zuwa goma sannu a hankali. Babu wadda ta faɗi a 2024, Stacks ta hau, suka zama tara a 2025. Amma akwai shinge: babban taron GAA na 2021 ya ƙayyade cewa babbar gasar gunduma kada ta wuce tawaga 16. Kowace ƙungiyar da aka ƙara, gurbin shiyya ɗaya ne ya tafi. Ke nan gyaran da ya sassauta wa manyan ƙungiyoyi ya matse shiyyoyi, musamman masu rauni, waɗanda su ne tsarin ya ce an yi shi dominsu.

Wasu gundumomin sun bi wasu hanyoyi. A Mayo ƙungiyoyi 16 ne a rukuni huɗu, na ƙarshe a kowane rukuni su shiga wasannin tsira. Tyrone ta riƙe sili-ɗaya-ƙwale a gasarta, faɗuwa kuma ta bar wa lik, inda wasanni da yawa ke auna ƙungiya. Cork tana da shiyyoyi, amma suna fafatawa a tsakaninsu ne tukuna, wadda ta fito ta shiga zagayen gaba. Babu wadda ta ba shiyya girman da Kerry ta ba ta.

## Abin da ya shafi mutumin gari

Faɗuwa a nan ba ta zuwa da asarar kuɗin talabijin ko guduwar 'yan wasa, domin babu kuɗin, kuma ba su da inda za su. Ɗan wasan da ƙungiyarsa ta sauka bai rasa gurbinsa a tawagar Kerry ba. Abin da ake rasawa suna ne, da kallon da maƙwabta za su yi maka a kasuwa da ƙofar coci. A Tralee, inda tsakanin Rock Street ta Stacks da Strand Road ta O'Rahilly's tafiyar ƙafa ce, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma tasirin da ba a gani nan take. Saurayin da ke tunanin tafiya aiki Ostireliya ko Amurka zai fi saurin ɗaukar jakarsa idan ƙungiya ta faɗi, dattijon tawaga zai fi saurin rataye takalmi. A gefe guda, faɗuwa kan buɗe hanyar Croke Park. Rathmore ta sauka a 2019, kuma a Janairun 2023 mutanen garin suka cika motoci zuwa Dublin suka dawo da kofin ƙasa na matsakaicin aji, abin da ba lalle su gani ba da sun ci gaba da fafutukar tsira a sama.

Hawa ma yana da nasa nauyin. Templenoe, ƙaramin yankin da ya fitar da fitattun 'yan wasan gidan Spillane, ta ci kofin ƙasa na ƙaramin aji a 2016, ta ci matsakaicin ajin Kerry a 2019, ta tsinci kanta cikin manya da 'yan wasa ƙalilan. Ƙungiya irin wannan tana tafiya ne a kan ƙarfin tsara guda. Idan biyu suka ji rauni, ɗaya ya yi ƙaura, babu benci da za a waiwaya. Da ita da maƙwabciyarta Kenmare Shamrocks suka hau, shiyyar Kenmare ta rasa ginshiƙanta biyu, ƙananan ƙungiyoyin da suka rage a yankin sai da suka nemi wata shiyyar su raɓa.

Ga 'yan wasan matsakaici da ƙaramin aji, raguwar guraben shiyya na nufin ƙarin mutane suna neman riga 15, kuma wanda da zai samu wuri a shiyya mai rauni yana iya ƙarewa a benci a shiyyar da aka faɗaɗa. Ga ƙungiyoyin da ke ƙasa da manya, kowace ƙungiya mai ƙarfi da aka ɗauke sama ta rage musu cunkoso, haka ma a matakin lardi, inda wakiliyar Kerry za ta zama ta 11 maimakon ta tara. Har yanzu tsakaninta da ta 25 ɗin Cork akwai gurabe 14.